Ko alƙalamin gashi da tawada sun isa koyar da rubutun Sinanci?

Tun daga shekarar 2011, ranar 20 ga watan Afrilu ce Majalisar Ɗinkin Duniya ke bikin harshen Sinanci. A wannan rana cibiyoyin Confucius, waɗanda ƙasar Sin ta fara buɗewa a birnin Seoul a 2004, kan shimfiɗa jajayen takardu da tawada, su miƙa wa ɗalibai alƙalamin gashi domin kowa ya zana harafi da hannunsa. Wasu kuma a ba su almakashi su yanko siffar harafin a jikin takarda.

Dalilin bin wannan hanya a bayyane yake. Sinanci ba shi da abajada irin ta Larabci ko boko. Kowane harafi alama ce mai zaman kanta da ke ɗauke da gaɓa guda da kuma ma'ana, kuma ana sa ran yaron da ya kammala karatun shekaru tara na dole a ƙasar Sin ya san kimanin 3,500 daga cikinsu. Baƙon ɗalibi da ya ji wannan adadi kan karaya tun kafin ya fara, don haka malamai kan soma da abin da ido zai gane. Harafin itace ya yi kama da bishiya. Idan aka jera biyu ya zama kurmi, uku kuma daji. Daga nan sai a nuna hotunan ƙasusuwan da aka tono a Anyang, masu ɗauke da rubutun da ya haura shekaru 3,000.

Duk wanda ya yi karatun allo ya san cewa abin da hannu ya rubuta da tawada ya fi zama a ka. Ita kanta ƙasar Sin ta dawo kan wannan ra'ayi, bayan da aka lura cewa matasan da suka saba buga sauti da haruffan boko a waya da kwamfuta, wato tsarin Pinyin, suna gane harafi amma su kasa rubuta shi. A 2011 ma'aikatar ilimi ta umarci makarantun firamare su ware darasi guda a mako domin rubutun hannu ga 'yan aji uku zuwa shida.

Sai dai akwai iyaka. Haruffan da suka yi kama da hoto 'yan ƙalilan ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 haɗi ne na ɓangaren da ke nuni ga ma'ana da wanda ke nuni ga sauti, kuma waɗannan ba sa shiga kai sai da bita ta yau da gobe har tsawon shekaru. Ɗalibi na iya komawa gida da kyakkyawar takarda mai harafin "sa'a", alhali bai iya karanta rasit ba.

Wannan batu ya shafi ƙasashen da suka sanya Sinanci a makarantunsu. Afirka ta Kudu ta fara a 2016, Saudiyya kuma ta soma daga baya a wasu makarantun gwamnati. A Najeriya, inda 'yan kasuwar Kano da Legas ke yawan zuwa Guangzhou, an buɗe cibiyoyin Confucius a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da kuma Jami'ar Legas. Shirya bikin yini guda ba shi da tsada. Horar da malaman cikin gida da za su riƙe aji shekara da shekaru shi ne jan aikin.

Akwai kuma siyasa. Masu suka a Yammacin duniya na kallon irin waɗannan bukukuwa a matsayin hanyar gyara sunan gwamnatin Beijing, zargin da ita ke musantawa. Sweden ta rufe na ƙarshe cikin cibiyoyin da ke ƙasarta a 2020, yayin da a Amurka adadinsu ya faɗo daga kusan 100 a 2019 zuwa ƙasa da biyar a 2023.