"Consult from" ɗin da ya ja min jan biro

'Yan uwa masu rubuta tesis, ku tsaya ku ji.

Makon jiya sufabaizana ya dawo min da babi na uku, ya zagaye wuri ɗaya har sau biyu. Na rubuta "I consulted from several textbooks". Gaban ɗaliban ajinmu ya tambaye ni a ina na samo wannan "from" ɗin. Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na san a ina na samo shi: daga Hausa. Mu "neman shawara daga" wani muke yi, sai mu kinkimi "daga" ɗin mu dasa a Turanci. To, consult ba ya buƙatarsa, neman yana cikinsa tuni. Consult a doctor, consult a dictionary, consult your supervisor. Kai tsaye.

Consult with kuwa daidai ne, amma ya fi dacewa da tattaunawa, kamar kai da abokan aikinka kafin ku yanke hukunci. Ba ka tattaunawa da ƙamus. Consult for ma akwai shi, amma a nan kai ne gwanin da ake biya.

Wasu za su ce ai an gane nufina. An gane. Amma mai jarrabawar da za a ɗauko daga waje bai san ni ba, takardar kawai zai gani. Yanzu ina bin sauran babukan, na riga na kama guda huɗu.