Zuwa ga masu ɗaura kyamarorin tsaro: kafin ku buɗe ƙofa a rawuta



Kun ɗaura kyamarori, kun haɗa DVR, maigida kuma ya ce yana son ya riƙa leƙa gidansa ta waya daga kasuwa. To kafin ku shiga shafin buɗe ƙofa, ku fara duba adireshin da kamfanin intanet ya ba rawutar a ɓangaren WAN. In ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, layin yana bayan CGNAT, wato kwastomomi da yawa ke raba adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai zaure guda wanda makullinsa ke hannun mai gidan. Haka Starlink yake a tsarinsa na gida, yawancin layukan waya ma haka. Ko kwana kuka yi kuna cika lambobi, babu abin da zai shigo daga waje. Sai dai a nemi adireshi na kai a wurin kamfanin, ko a bi ta P2P ɗin na'urar, ko Tailscale.

In adireshin naku ne, ku kafe wa DVR ɗin lambarsa ta cikin gida. In ba haka ba, ana ɗauke wuta a dawo da ita sai rawuta ta ba shi wata, gobe maigida ya kira ku yana faɗa. Sannan ku buɗe iya abin da ake buƙata: 8000 da 554 ga Hikvision, 37777 ga Dahua. Jefa na'ura a DMZ lalaci ne kawai, domin duk ƙofofinta kuka wangale. Ku kashe UPnP. Wajen gwaji kuma ku kashe wayifai ku shiga da data, gwajin cikin falo yana ruɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar sirri. A 2016, muguwar manhajar Mirai ta kame kyamarori da DVR bila adadin ta ƙofa ta 23, da kalmomin sirri kusan 60 na masana'anta waɗanda ba a canza ba. Da waɗannan na'urorin aka durƙusar da kamfanin Dyn a watan Oktoba, Twitter da Netflix da suka dogara da shi suka ɗauke a sassan Amurka. A wurinmu abin ya wuce nan: kyamarar da kuka kafa tsakar gida take kallo, inda iyali ke zaune babu mayafi.

Don haka ku miƙa wa maigida wayar ya rubuta sabuwar kalmar da hannunsa, ku kuma ku kau da kai har ya gama.

Naku a sana'a.