Almakashin Tela Ba Na Kowa Ba Ne

Malamai sun ruwaito cewa Annabi Idrisu, Alaihissalam, shi ne farkon wanda ya yi ɗinki da allura, kalmar almakashi kuwa daga Larabci muka aro ta. Saboda haka sana'ar da take da asali irin wannan ba ta cancanci sakacin da nake gani a rumfunan teloli daga Yelwan Yauri har Wara da Shanga ba.

Duk wanda ya zauna kusa da tsohon maɗinki ya san babban almakashinsa, mai nauyi, wanda idan ya kama shadda sai ka ji sautinsa guda, bakin yankan kuwa ya fito sumul, ba ya taɓa takarda, balle igiya. Ƙaramin almakashi shi ne na datse zare, reza kuma ta farke ɗinki. Amma a yau, musamman gab da Sallah, za ka tarar da almajirin tela ya yanki kwali da babban almakashin, maƙwabci masunci ya ara ya gyara komarsa ta bakin tafkin Kainji, sannan a mayar da shi kan yadin da talaka ya yi wata uku yana tara kuɗinsa, almakashin ya tauna shi kamar akuya.

A ganina wannan cin amana ne, ko da babu niyya. Wajibi ne maigida ya koya wa yaronsa wasa almakashi da ɗaure kusarsa, tun kafin ya ɗora ƙafarsa a kan keke.