Shagunan Gem na Lafiya da Dokar Haƙƙin Mallaka: A Fara da Wayar da Kai

A shagunan buga gem na birnin Lafiya, daga hanyar Shendam zuwa hanyar Makurɗi, faifan wasa ya kusa zama tarihi. Masu shago suna loda wasannin ƙwallo irin su FIFA da PES a cikin rumbun ajiya na waje, su jona shi da na'urar PlayStation, yara su biya su buga. Dalilin a bayyane yake: ƙura da zafi suna lalata faifai, idon na'urar da ke karanta shi yana mutuwa, kuma tun 2013 kamfanin Sony ya daina ƙera PlayStation 2, wadda har yanzu wasu ke neman abinci da ita.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta taɓa wannan sana'a kai tsaye. Ta yarda wanda ya mallaki manhajar kwamfuta ya ajiye kwafinta domin maye gurbin ta asali idan ta ɓace ko ta lalace. Amma ta haramta karya kariyar da mai haƙƙi ya sanya a kan aikinsa, alhali yawancin waɗannan na'urori ba sa karɓar wasa daga rumbun waje sai an karya ta. Kuma akwai tazara tsakanin mai ajiye kwafin abin da ya saya da mai cika rumbu da wasannin da bai taɓa saya ba yana sayarwa.

Ra'ayin wannan jarida shi ne Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta fara da bayani kafin samame. Ta fassara waɗannan tanade-tanade zuwa Hausa da Eggon da Alago, ta zauna da masu shaguna, sannan ta juya ƙarfinta kan dillalan da ke loda wasannin sata suna rarrabawa. Kwashe na'urar matashin da ita ce jarinsa ba zai rage satar fasaha ba, zaman banza kawai zai ƙara.

Jami'ai da hadiman da ke tsara manufofi a Abuja su tuna cewa ƙasar da ke son a mutunta haƙƙin mawaƙanta da 'yan fim ɗinta a waje dole ta mutunta na wasu a gida. Hanyar yin hakan ita ce doka ta isa kunnen mai shago a Lafiya kafin jami'i ya isa ƙofarsa.