Kwamfuta ba ta san Juma'a ba

Lamba kawai kwamfuta ta sani. Harshen rubuta manhaja na JavaScript yana ƙirga lokaci ne daga tsakar daren 1 ga Janairu, 1970, wadda ta faɗo Alhamis. Don gano ranar da wani kwanan wata ya faɗo, sai a ƙirga kwanakin da ke tsakani, a raba da bakwai, ragowar ta nuna ranar. Ta haka za ka tarar Najeriya ta samu 'yancin kai ranar Asabar. Ɗan firamare ma zai iya wannan.

Inda gizo ke saƙar shi ne kowane harshe da tasa al'adar. JavaScript ya ba Lahadi sifili, Python kuwa Litinin ya ba, saboda haka lamba 4 Alhamis ce a na farko, Juma'a a na biyu. (Mu ma yawancin sunayen ranakunmu lambobi ne daga Larabci: Lahadi ɗaya, Alhamis biyar.) Sannan agogon Najeriya da Nijar yana gaba da na Greenwich da awa ɗaya. Kuɗin da aka tura daga Kano da sha biyu da rabi na dare, wata ya riga ya kama, manhajar da ke bin Greenwich za ta jefa shi cikin watan jiya. Akanta ne zai kwana yana neman inda lissafi ya karkace.

Shi ya sa nake ganin ganganci ne mai rubuta manhaja ya ƙirƙiro nasa lissafin kwanaki alhali akwai wanda aka daɗe ana gwadawa a cikin harshen. Ko manya sun yi tuntuɓe a nan: har yau Excel na karɓar 29 ga Fabrairu, 1900, ranar da ba a taɓa yi ba, kuskuren da ya gada daga Lotus 1-2-3.

Kalandar Musulunci kuwa ba ta manhaja ba ce ita kaɗai. JavaScript na iya ba ka kwanan wata bisa tsarin Ummul Ƙura na Saudiyya, amma a Najeriya sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar. Duk ma'aikatar da ke sayen manhajar albashi ko ta hutun ma'aikata ya kamata ta nace a bar gurbin da mutum zai shigar da ranar Salla da hannunsa.