Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, tambayarmu ce gurguwa

Duk wanda ya taɓa wuni a layin rabon taki ko na tallafi, aka zo kansa aka ce "ai mai wannan suna ya riga ya karɓa", ya san zafin abin. Sai a ɗora wa kwamfuta laifi. Ni kam a ganina laifin na mai tambayarta ne.

Ku duba: Musa Abdu nawa ne a Maraɗi kaɗai? Ka ƙara da ranar haihuwa, nan ma ba ka tsira ba, don da yawa cikin dattawanmu shekara kawai aka kintata musu, aka rubuta 1 ga Janairu. Ga kuma rubutu: Mahamadou, Mahamane, Mamane, wani lokaci duk mutum guda ne. To ta yaya suna shi kaɗai zai isa shaida?

Harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, SQL, an ƙirƙiro shi a kamfanin IBM na Amurka cikin shekarun 1970, kuma kalmomi biyu ne ke yanke hukunci a nan: AND, wato "da", sai OR, wato "ko". "Da" tana tacewa: suna da gari da sunan uwa da lambar waya, sai duk sun cika mutum ke fitowa. "Ko" kuwa buɗe ƙofa take yi.

Ga inda ake faɗawa rami. Ana neman matan Tawa da na Madawa, sai ma'aikaci ya rubuta: mace AND Tawa OR Madawa. Kwamfuta tana fara lissafa AND kafin OR. Sai ta kawo matan Tawa, ta haɗo da kowa da kowa na Madawa, har da maza. Maganin ba shi da wuya: a sa garuruwan biyu cikin baka. Amma in ba a sa ba, buhun wata baiwar Allah ya tafi gidan wani.

Don haka shugabannin ƙungiyoyin manoma da na ofisoshi, ku koya wa yaranku wannan kafin ku miƙa musu jerin sunayen jama'a. Kuma kada a kori kowa daga layi sai an gwada aƙalla shaida uku. Haƙƙin mutane ne, za a tambaye mu. Allah ya sa mu dace.