Wanda ya yi nahawu a Islamiyya bai kamata Jamusanci ya kore shi ba

Jama'a, yau maganata da ƴan uwana ɗaliban Arewa ce, musamman masu burin samun tallafin DAAD su tafi Jamus ƙaro karatu.

Mu shida ƴan Arewa muka shiga ajin Jamusanci na ranar Asabar a nan Ibadan. Yanzu saura mu biyu. Duk wanda na tambaya sai ya ce min, "Wallahi der, den, dem ɗin nan ne suka hargitsa min kai." Ni kam ban yarda ba. A ganina duk ajin babu wanda ya kai mu damar gane darasin nan, ƙofar shiga ce kawai ba a nuna mana ba.

Ku tuna i'irabi. Duk wanda ya durƙusa gaban malam ya karanta Ajurumiyya ya san suna yana canja wasali gwargwadon aikinsa: al-waladu in shi ya yi aikin, al-walada in a kansa aikin ya faɗa. To abin da Jamusawa ke yi ke nan, sai dai su galibi a kan ƴar kalmar da ke gaban suna suke ɗora alamar. Der Hund beißt den Mann: kare yana cizon mutumin. Juya ta ka ce Den Mann beißt der Hund, har yanzu karen ne mai cizo, domin der ya nuna fa'ili, den ya nuna maf'uli. Ranar da aka kawo wannan, abokan ajinmu da suka saba da tsarin Turanci sun daɗe suna kallon allo. Ni kuwa raf'u da nasabu na gani sun sa kwat. Ga wani sauƙin ma: a Akkusativ namiji ne kaɗai ke canjawa, die da das suna nan yadda suke.

Dativ da ake ta tsoro kuwa, "wa" ɗinmu ce ta Hausa. Ina saya wa yaron littafi: Ich kaufe dem Kind ein Buch. Wanda aka yi wa abin shi ke ɗaukar dem. Genitiv kuma mudafun ilaihi ne, das Buch des Lehrers, littafin malam.

Ba na cewa babu wuya fa. A Larabci harafin jarri koyaushe jarri yake yi, amma a nan kowane harafi da abin da yake so. Mit, von, zu da bei suna jan Dativ, für, ohne da durch suna jan Akkusativ, in da auf kuwa baki biyu gare su: in tafiya kake zuwa makaranta ka ce in die Schule, in kana ciki ka ce in der Schule. Jinsi kuma uku ne, har yarinya ma, das Mädchen, a nahawunsu ba mace ba ce. Wannan sai hadda, kowane suna tare da der ko die ko das ɗinsa. Amma don Allah, mu da muka haddace izu-izu muna yara, hadda ce za ta ba mu tsoro?

Ginin jimla doka biyu ta ishe ka a farko. Fi'ili yana zama na biyu, ko me ka fara da shi: Heute lerne ich Deutsch. In kuma weil ko dass suka shigo, ya koma can ƙarshe: weil ich müde bin.

Na san za a ce ai akwai digiri na biyu da yawa da ake yi da Turanci a Jamus. Gaskiya ne. Sai dai neman ɗaki, ganin likita da aikin wucin gadi ba duka da Turanci ake yinsu ba.

Ku huɗun nan kun san kanku. Ni na yi niyyar zuwa Goethe-Institut a Legas in rubuta A1 in Allah Ya yarda, kuma ba na so in hau motar ni kaɗai. Ranar Asabar ƙarfe 10 ne aji, ku zo da wuri mu yi bitar Dativ kafin malama ta iso.